Yadda ake gyara sandar alminiyam ta jirgin ruwa mai tafiya da iska a sake mata fenti

Jama'a barkanmu da warhaka. Na yi shekaru ina aikin fenti a wani wajen gyaran jiragen ruwa a bakin ruwan Legas, kuma cikin duk ayyukan da suka bi ta hannuna babu wanda ya koya min haƙuri kamar gyaran sandar jirgi. Doguwar sandar nan nake nufi, wadda ke tsaye a tsakiyar jirgi ana rataya mata ƙyallen da iska ke turawa, mu a wajen aiki mas muke ce mata amma a nan sanda zan dinga cewa. Yawancinsu yanzu da alminiyam ake yin su, wato sanholo, irin gamin da ake kira 6061 ko 6082, kuma jirgi mai tsawon ƙafa 30 sandarsa takan kai mita 12 ko ta ɗara. Duk wanda ya iya fentin mota ko na ƙofar alminiyam zai iya wannan aikin, sai dai akwai wuraren da in ka yi musu irin na mota to wallahi shekara ba za ta zagayo ba fentin zai fara ɓarewa.

Bari mu fara da abin da ke cin sandar tukunna, don in ba ka gane shi ba duk wahalar da za ka sha ta banza ce. Alminiyam ba ya yin jan tsatsa irin na baƙin ƙarfe, nasa wani farin gari ne kamar alli, kuma in ka lura ba ko'ina yake fitowa ba, kullum a gindin noti ne ko ƙarƙashin winci, wato abin naɗe igiya a ja ta, ko inda aka ɗaura wani abu na sitenles, farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa. Dalili kuwa shi ne sitenles da alminiyam in suka haɗu, ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, sai su zama kamar batir, wuta ƴar kaɗan ta dinga gudana, kuma alminiyam ɗin ne ke cinyewa, shi sitenles ko a jikinsa. Daga nan garin ya dinga rarrafe ta ƙarƙashin fenti yana ɗaga shi, ka ga ƙuraje-ƙuraje a zagaye da kowane noti.

Toh kafin ka taɓa komai ka duba ko ma sandar tana buƙatar fenti. Da yawansu daga kamfani ba fenti ba ne a jikinsu, wata fata ce da ake yi musu da wutar lantarki a cikin asid ana ce mata anodaizin, siririya ce ƙwarai ba ta kai kaurin silin gashi ba amma tana da tauri. In ita ce a jikin sandar kuma dusashewa kawai ta yi babu ramuka, don Allah ka wanke ta da sabulu ka shafa mata kakin goge mota ka bar ta. Ni shawarar da nake ba masu jiragen ke nan ko da kuwa kuɗin aiki zai wuce ni, saboda ranar da ka sa mata fenti to ka ɗauko aikin da za a dinga maimaitawa ke nan har ƙarshen rayuwarta. Amma in fenti ne dama a jikinta ya ɓaɓɓare, ko anodaizin ɗin ya cinye ya yi dabbare-dabbare, sai a shiga aiki.

Saukar da ita

Ba a yin wannan aikin sanda tana tsaye, duk wanda ya ce maka zai rataya a kujerar igiya ya yi shi a sama kwalliya kawai zai yi. Kwantar da ita ake yi a ƙasa. Ka fara da ɗaukar hoto da wayarka, ko'ina, daga kowane gefe, ka ɗauka har sai ka ga kamar ya yi yawa. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da sandar ta gaba da baya da gefe-gefe kowacce tana da abin ɗaurewa mai zare a ƙasanta, ka naɗa tef daidai inda zaren ya tsaya kafin ka kwance, ranar mayarwa sai ka ɗaure zuwa bakin tef ɗin kawai. Ka cire wayoyin lantarki da ke gindin sanda, na fitilar sama da na eriyar rediyo da na ma'aunin iska, kowacce ka manna mata suna. Ka sauke ƙyallen da bum, wato sandar kwance, ita ma tare za a yi mata fenti.

Da kiren, wato injin ɗaga kaya, ake ɗaga ta, a ɗaura majanyi a ƙasan hannayen nan biyu da suke fitowa gefe, a tabbata ɗaurin yana sama da tsakiyar nauyinta don kar kai ya rinjaya, mutum ɗaya ya riƙe gindin yana bi da shi. Kuma kafin a fara ku ɗaga kai ku duba sama. Wayar wutar lantarki in ta taɓa wannan sandar duk wanda ke riƙe da ita ya tafi, wannan ba abin wasa ba ne.

Sai a ɗora ta a kan benci huɗu ko biyar, tsakanin kowane biyu kamar mita 2 da rabi zuwa 3 don kar ta lanƙwashe, a shimfiɗa tsohon kafet a kan kowane benci. Wuri mai inuwa, mai iska, nesa da inda ake walda ko yankan ƙarfe saboda tartsatsin baƙin ƙarfe in ya sauka a kanta matsala ne.

Cire kayan jikinta

Nan ne kwanaki ke tafiya. Igiyoyin da ke bi ta cikin sanda kar ka zare su haka kawai, ka ɗinka siririn zare mai ƙarfi a bakin kowacce, in ka ja igiyar ta fita zaren ya maye gurbinta ka ɗaure bakinsa biyu a waje, in ba haka ba ranar mayarwa za ka wuni kana lalube a cikin bututu mai mita 12 da ba ka ganin cikinsa.

Bayan nan komai sai ya fita, winci, maɗaurin igiya, hannaye, fitilu, ƴan tayoyin da igiya ke bi ta kansu a can ƙololuwa, faranti-faranti, duka. Na san akwai masu cewa a naɗe su da tef a yi fenti a zagaye, to ai ciwon a ƙarƙashinsu yake, ka ga an yi wa gyambo ado ke nan an bar ruɓar a ciki. Kowane abu da notinansa a leda ɗaya, ka rubuta inda ya fito.

Notinan sitenles da suka shekara goma ko ashirin a cikin alminiyam ba sa fita da daɗi, farin garin nan ya riƙe su kamar siminti. Ka zuba musu man kwance tsatsa tun dare, da safe ka sa sukundireban duka, wanda ake bugawa da guduma yana juyawa, ka tabbata bakinsa ya zauna daram a kan notin kafin ka buga don in kan ya cinye aikin ya ninku. Wanda ya ƙi sai ka ɗan gasa wajen da injin hura zafi, alminiyam ya fi sitenles saurin buɗewa in ya ji zafi shi ya sa yake sakin notin, ka bari ya huce ka sake zuba mai ka sake gwadawa. Gashi kaɗan fa, ba wutar walda ba, domin ƙarfin wannan alminiyam ɗin da zafi aka ba shi a kamfani kuma zafi mai yawa yana kwashe shi. Wanda ya ƙi duk wannan sai a huda shi, ka buga alama a tsakiyarsa cif, ka fara da ƙaramin baki kana ƙarawa, a hankali da mai, sitenles ba ya son gudu. In zaren ramin ya lalace akwai zaren gyara da ake sakawa irin Helicoil. Su kuwa ribit, ƙusoshin nan da ake matsewa ba a murzawa, kan kawai za ka huda ya fita ka tura sauran ciki, daga baya a karkata sandar a zazzage su.

In ta zama tsirara sai ka bi ta da ido da yatsa tun daga sama har ƙasa. Wuraren da na fi tsoro uku ne: gindinta inda ruwa ke kwanciya, inda hannaye ke zama, da inda wayoyin ƙarfe ke kamawa a sama. Ƙananan ramuka kamar na ƙyanda ba komai, za a cike. Amma in ka ga tsagewa ko da kamar silin gashi ce, ko rami ya ci ya kusa ɓullewa, tsaya ka kira masanin sanda ya gani, fenti ba ya maganin wannan, kuma kar ka bari mai waldar bakin titi ya taɓa ta don wajen da aka yi wa walda ƙarfinsa raguwa yake yi sosai.

Wanki da gurza

Wanki ake fara yi kafin samfefa, ba bayanta ba. In ka fara gurza a kan maiƙo da gishiri to cusa su kake yi cikin ƙarfen. Ruwan daɗi da sabulun wanke-wanke, ka tura tiyo har cikin bututun, ka bari ta bushe. Sannan ka goge da asiton ko tina, wato ruwan sirka fenti, irin wanda kamfanin fentinka ya ce, da tsumma biyu, ɗaya jiƙaƙƙe yana narkar da maiƙon ɗaya busasshe yana bin bayansa yana kwashewa kafin ya bushe, kana canza su akai-akai.

Abu biyu ne haramun a jikin alminiyam. Na farko soda irin ta yin sabulu da duk wani maganin cire fenti da ke da ita a ciki, cin ƙarfen take yi. Na biyu buroshin baƙin ƙarfe da soson ƙarfe, suna barin ƴan ɓurɓushi a jikin sandar da ido ba ya gani, kowane ɗaya daga baya sai ya zama ƙurji. In dole sai buroshi to na sitenles, sabo, wanda bai taɓa wani ƙarfe ba.

Samfefa mai lamba 80 za ka sa a injin gurza ka cire tsohon fenti da wuraren da suka ci har sai ƙarfen ya fito fari tas yana ƙyalli, sannan ka bi duka da mai lamba 120. Kar ka wuce haka wajen laushi, so ake jikin ya yi ɗan kaushi don firaima, wato shafin ƙasa da ake fara sawa kafin fenti, ta samu abin kamawa. Inda anodaizin yake lafiya lau ba sai ka cire shi duka ba, ka dai kashe ƙyallinsa. Kar ka tsaya wuri ɗaya da inji, jikin sandar ba shi da kauri sosai. Cikin ramukan nan kuwa sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da buroshin sitenles har farin garin ya ƙare, in ka bar ko ɗigo a ƙasan rami daga nan zai sake tasowa. Takunkumi a hanci, tabarau a ido.

Kwararon da ƙyalle ke bi yana hawa yana sauka a bayan sanda, ka wanke shi kawai ka toshe da tef, ba a sa masa fenti, in ka sa ƙyallen zai dinga maƙalewa.

Daga gurza zuwa firaima, rana ɗaya

Wannan ne wajen da nake so a fi riƙewa. Alminiyam da ka gurje shi, a take yake fara yin sabuwar fata da iska, kuma a bakin teku ga gishiri yana sauka a kai. Sandar farko da aka bar min ni kaɗai, na gama gurzarta ranar Juma'a da hantsi tana ƙyalli kamar sabon kwano, na rufe ta da tamfol na tafi masallaci, ban dawo kanta ba sai Litinin. Da ido babu abin da ya canza, na goge na sa firaima na sa fenti ta fito gwanin kyau. Damina ɗaya ta yi, mai jirgin ya kira ni ya sa farce a gefen wani noti ya ja, fentin ya biyo hannunsa kamar ɓawon albasa, ƙarƙashinsa fari fat da gari. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, na sake aikin daga farko ban karɓi ko kwabo ba. Tun ranar ba na fara gurzar ƙarshe sai firaima tana ajiye a gefena, kuma in na ga rana ba za ta isa ba raba aikin sandar nake yi gida biyu ko uku, abin da na gurza yau shi zan rufe yau cikin ƴan awanni.

Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce a wanke ƙarfen da ruwan asid irin Alumiprep 33, a sirka shi da ruwa yadda aka rubuta a jikin gwangwani, a shafa a ɗan cuɗa da soson roba, a ɗauraye da ruwa mai yawa kafin ya bushe. Ga gwajin da ba ya ƙarya: ka zuba ruwa a jikin sandar, in ya shimfiɗu bai ɗaya to ta fita, in ya tattaru ɗigo-ɗigo akwai sauran maiƙo a wajen, sake. Tun tana jiƙe sai a shafa Alodine 1201, wanda yanzu ake sayarwa da sunan Bonderite, a bar shi ƴan mintoci kaɗan ba tare da ya bushe ba har ƙarfen ya yi ruwan zinare mai haske, a ɗauraye a bari ta bushe, daga nan ba mai taɓa ta da hannu sai da safa. Amma ku sani sinadarin da ke cikinsa yana jawo cutar daji, dole safar roba mai kauri da tabarau, kuma ruwan ɗaurayar a tare shi a baho, kar a bari ya gangara cikin ruwan da mutane ke kamun kifi. In ba ka samu ba, ko ba ka da yadda za ka tare ruwan, akwai firaimar da aka yi don hawa kan gurzajjen alminiyam kai tsaye, ka gurza, ka hure ƙura, ka goge da tina, ka sa nan take. Ni na yi duka biyun kuma wanda aka yi a kan lokaci yana riƙewa.

Firaimar da nake yarda da ita ita ce ifoksi mai haɗi biyu, irin Awlgrip 545 da ake haɗawa ɗaya da ɗaya, ko ta kamfanin International. Ka auna da kofin awo ba da ido ba, ka juya sosai, ka haɗa iya abin da za ka ƙarar don a zafin nan namu ba ta jira. Shafi biyu zuwa uku, kana bin tazarar lokacin da aka rubuta. Kuma firaima da fentin sama su zama na kamfani ɗaya. Lissafin yawan ba wuya, sanda mai mita 12 in zagayenta ya kai rabin mita faɗin jikinta murabba'in mita 6 ke nan, lita 2 na firaima da lita 2 na fentin sama yawanci sun isa har da bum.

Ramukan sai bayan shafin farko ake cike su da kwaɓaɓɓen ifoksi na cike rami, ba a kan tsiraran ƙarfe ba, a gurje su daidaita, a sake rufe su da firaima. In ta bushe ka bi ta da samfefa 220 sannan 320 da hannu har ta yi sumul, inda ƙarfe ya leƙo ka sake ɗiga masa firaima.

Fentin sama

Foliyuritan mai haɗi biyu shi ne mai jure rana da gishiri da dukan igiya. Mai gwangwani ɗaya ya fi arha da sauƙi amma ba ya daɗewa kamarsa, kuma in ka tuna wahalar saukar da sanda za ka ga arhar ba ta biya ba. Sai dai shi mai haɗi biyun, ruwan da ake haɗa masa don ya taurara yana da guba mai lalata huhu, feshinsa sai mai takunkumin da ake turo wa iska ta tiyo, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. Shi ya sa wanda ba shi da wannan kayan nake ce masa ya yi da rola da buroshi, da takunkumi mai gwangwanin tace warin tina, a wuri mai iska. Mutum biyu ake so, ɗaya ya mirgina ƙaramar rolar soso siriri-siriri kamar tsawon kamu biyu, na biyu ya biyo shi nan take da bakin buroshi mai laushi yana shafa sama-sama yana fasa kumfa, ku yi gaba kar ku waiwayi inda ya fara kamawa ko da kun ga aibi, a shafi na gaba za a gyara. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, mai kauri zuba yake yi a gefen sanda ya daskare kamar hawaye. Tsakanin shafi da shafi in ya kwana sai a bi da samfefa 320 ko 400 a goge ƙura.

Don samun zagaye duka wasu sukan zura katako ko bututu a baki biyu su rataye ta, ni dai juyata nake yi kwararon baya ya zauna a kan ƴan siraran katako tunda shi ba a masa fenti.

Yanayi kuma sai an lura. Da asuba ƙarfe yana da raɓa ko ba ka gani, ƙa'idar masu fenti ita ce zafin jikinsa ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da digiri 3 aƙalla, kuma laimar iska kar ta wuce 85 cikin 100. Da tsakar rana in sandar ta sha zafi fentin bushewa yake yi a bakin buroshi. In ka makara har la'asar sakaliya raɓar dare ta sauka a kansa yana ɗanye, da safe ka tarar ƙyallin ya mutu. Saboda haka hantsi ne lokacinsa, a inuwa. A Legas damina laima ce ke hana mu, lokacin hunturu kuma ƙura, sai mu yayyafa ruwa a ƙasa mu kewaye wajen da leda kafin mu buɗe gwangwani.

Bayan shafin ƙarshe ka cire tef tun fentin bai gama tauri ba, sannan ka ƙyale ta mako guda ko biyu. Zai bushe a hannu washegari amma cikinsa da saura, in ka ɗaura winci a kai zai lotsa.

Mayar da kaya

In ka mayar da sitenles kan alminiyam haka tsirara to ka sake haɗa batir ɗin nan da hannunka. Kowane noti sai ka shafa wa zarensa da ƙarƙashin kansa man raba ƙarfe irin Tef-Gel ko Duralac mai ruwan ɗorawa, in babu su ko man lanolin ya fi babu. Kowane faranti da winci a yanka masa siririyar roba daidai girmansa a shimfiɗa tsakaninsa da sanda. Ribit na wurin da ke ɗaukar nauyi na monel ake sawa, wani gamin ƙarfe mai jure ruwan gishiri, shi ma a tsoma shi a man kafin a buga, kuma ƙusar tsakiyarsa in ta baƙin ƙarfe ce a ture ta ta fita don kar ta zubo da tsatsa a kan sabon fenti. Ramin da ba za a sake amfani da shi ba a toshe shi.

Tunda tana ƙasa ka duba wayoyin ƙarfen, musamman bakinsu inda aka matse, wadda sili ɗaya ya tsinke ko bakinta ya tsage a canza ta, kuma masu sana'ar da yawa suna cewa in sun kai wajen shekara 10 a sabunta su ko ba a ga komai ba. Ka canza wayoyin lantarki da suka tsufa, ka jona fitilu da batir ka ga sun kama tun a ƙasa, ka juya ƴan tayoyin sama da yatsa ka ji suna gudu. Ka ja igiyoyi da zaren da ka bari, ka tabbata ba su sarƙe da juna a ciki ba.

Ramin fitar ruwa na gindin sanda ka zura masa waya ka tabbata fenti bai toshe shi ba. Ranar ɗagawa ka naɗe majanyin kiren da tsohon bargo don kar ya ƙuje fentin, a zaunar da ita, a ɗaure wayoyi zuwa bakin tef ɗin da ka sa tun farko, sannan ka kwanta a gindinta ka kalli kwararon baya har sama ka ga ya tafi miƙe, in ya karkata gefe ɗaya ka sassauta nan ka ɗaure can rabin juyi rabin juyi har ya daidaita, sai ka sa filolin kulle ka naɗe bakinsu da tef don kar su yagi ƙyalle.